Sunan da Na Rubuta da Jan Biro

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da Turanci a wata sakandaren gwamnati a Malumfashi kafin in zo Riyad. Da albashi ya kasa riƙe gida, wani ɗan unguwarmu ya samo mini bizar aiki, na sayar da babur ɗina na taho. A jikin iƙamata, wato katin zaman ƙasa, an rubuta sana'ata da Larabci: direba. Ban taɓa jin kunyar tuƙi ba, sana'a ce kamar kowace. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda kalma ɗaya a jikin kati take haɗiye mutum ɗungurungum, har ya zama in ka buɗe baki ka faɗi magana mai ma'ana sai a waiga a ga wa ya kunna rediyo.

Kafilina, wato wanda bizata take hannunsa, wani kamfanin gine-gine ne na Sinawa. Shekarata ta biyu da su aka ɗauke ni daga motar ofis aka ba ni motar gidan babban injiniyansu. Kowa Injiniya yake ce masa, ni ma haka. Mutum ne gajere mai sauri, ko gaisuwa a guje yake amsawa. Matarsa ba ta jin Turanci, ba ta jin Larabci, murmushi ne yarenta da kowa. Sai 'yarsu guda ɗaya tal, mai shekara goma sha shida, wadda ba ta daɗe da zuwa ba. Tun tana 'yar shekara shida iyayen suke yawon aiki ƙasa-ƙasa, ita kuma tana hannun kakarta a can gida. Sai a wannan shekarar suka ɗauko ta, su zauna wuri ɗaya a karo na farko cikin shekara goma.

Amma zaman yana da sharaɗi. Makarantar da za ta iya shiga a Riyad da Turanci ake koyar da komai, kuma sai an ci jarrabawar shiga. Ta yi sau ɗaya ta faɗi, a ɓangaren karanta labari da nuna an fahimce shi. Makarantar ta ba ta dama ɗaya da ta rage, bayan wata huɗu. Injiniya ya faɗa a gabana, yana waya a mota, cewa in ta sake faɗuwa jirgi za ta hau ta koma makarantar kwana a ƙasarsu, don ba zai ajiye yarinya a gida ba karatu ba. Na ga uwar ta madubi lokacin da yarinyar take fassara mata. Ta kama hannun 'yarta ta riƙe har muka isa.

Maganin da Injiniya ya samo shi ne wata cibiyar koyon Turanci a unguwar Malaz, saman wani shagon sayar da labule. Sun rubuta a allonsu cewa malamansu duk Turawa ne na asali, da harshen aka haife su. Sau huɗu a mako nake kai yarinyar da uwarta bayan la'asar, su hau sashen mata, ni in zauna a mota awa biyu ina kallon masu wucewa. A shekarun nan ana ta haƙe titunan Riyad saboda jirgin ƙasan cikin gari, duk inda ka bi an toshe an karkatar. Tafiyar da ba ta fi ta minti ashirin da biyar ba sai ta ci awa guda da wani abu, zuwa da dawowa.

Wata rana yarinyar ta manta takarda ɗaya a kujerar baya. Ni kuwa malami ne, idona ba ya iya ganin takardar ɗalibi ya wuce. Na ɗauka. Labari ne gajere da tambayoyi goma a ƙasa, kowace da amsoshi huɗu a zaɓi ɗaya. Ta ci goma cikin goma, Baturiyar malamarsu har ta zana mata tauraro. Na ji daɗi, na ce ashe abin ya fara shiga. Sai idona ya kai kan wani akwati a saman shafin, inda cibiyar ta buga ƙa'idojinta da manyan baƙaƙe. Ta farko ta ce kada ɗalibi ya ɓata lokaci wajen karanta labarin. Ya fara da tambaya, ya ɗauki kalma mafi nauyi a cikinta, ya bi labarin da yatsa har ya ga inda kalmar take, amsa tana nan kusa.

Na karanta sau uku ina zaton idona ne. Wai kada a karanta! A ajin koyon karatu! Na yi tsaki ni kaɗai a mota har wani mai wucewa ya leƙo. Shekara goma sha ɗaya ina fama da yara sittin a aji ɗaya, littafi guda ga mutum uku, rufin kwano yana gasa mu, ban taɓa ce wa yaro kada ya karanta ba. Su kuma ga sanyin na'ura, ga kujeru masu laushi, ga Turanci na asali, abin da suka ga ya dace su koyar shi ne yadda za a tsallake karatun.

Labarin na wata mata ne mai gidan burodi a wani gari na bakin teku. Ɗanta ya bi jirgin masunta. Kullum da safe takan ware burodi ɗaya ta ajiye masa a kan taga. Aka yi hadari, jiragen suka dawo ɗaya bayan ɗaya, maƙwabta suka daina tambayarta. A sakin layi na ƙarshe aka ce wata safiya ta ɗauki burodin daga taga ta mayar cikin na sayarwa, ta rufe tagar. Tambayoyin kuwa ƙarfe nawa take buɗe shago, wane irin burodi take yi, wace kalma ce take nufin iska mai ƙarfi.

Da suka sauko na miƙa mata takardar. Kawu take ce mini da Turanci, haka yaran Sinawa suke kiran duk babban da ba ubansu ba. Ta yi godiya. Na tada mota, muka shiga cunkoso, na yi ta kokawa da bakina har ya fi ƙarfina.

Na ce, "Kin ci duka, madalla. To ina ɗan matar yake?"

Ta ɗago da mamaki, don ban taɓa yi mata magana da ta wuce mun iso ba. Ta mayar da kai kan takarda, na ga yatsanta yana gudu a kan layuka, yana farautar kalmar ɗa. Ta same ta a wuri uku, ta karanta abin da ke gefen kowace.

Ta ce, "Ba a rubuta ba, Kawu."

Na ce, "Me ya sa ta rufe taga?"

Ta sake bin layi. "Ba a rubuta ba."

Goma cikin goma, da tauraro, kuma ba ta san yaron ya mutu ba. Ba ita na ji wa haushi ba. Yarinya ce mai ƙoƙari irin wanda ban cika gani ba. Kowace kalmar Turanci a littafinta ta rubuta mata fassarar Sinanci a sama da fensir, ƙanana-ƙanana kamar tururuwa sun bi layi. Ta haddace kalmomi da ko ni sai na yi tunani kafin in tuna ma'anarsu. An dai koya mata ta ɗauki labari kamar buhun hatsi da aka jefa allura a ciki, aikinta ta lalubo allurar ta zubar da hatsin.

Na ce ta karanta mini sakin layi na farko da ƙarfi. Ta karanta. Na ce ta rufe littafin. Ba ta rufe ba. Na ce rufe, ki ba ni labarin abin da kika karanta, da bakinki, ko da Turancin ya karye. Haka nake yi wa yarana a gida, haka aka yi mini ni ma. Ta rufe, ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Kalmomin duk sun wuce ta cikinta ba su bar komai ba. Muka sake. A karo na huɗu ta ce akwai mata, tana da shago, tana da ɗa. Na ce to, yau mun sami mata da shago da ɗa, gobe ma nemi sauran.

Haka motar Injiniya ta zama aji. Ni ina gaba ina fama da masu shigo mini ba sigina, ita tana baya tana karatu. Dokokina ba su da yawa. Ba a taɓa na'urar fassara sai an kai ƙarshe. Kalmar da ba ki sani ba, ki tambayi maƙwabtanta na gaba da na baya. In aka ce shi ko ita, ki tsaya ki gaya mini wa ake nufi. In an gama, a rufe littafi. Wani lokaci in tambaye ta me ya sa marubucin ya ɓata tawadarsa ya gaya mana wannan, me yake so mu ji. Da farko wannan tambayar haushi take ba ta, ta ce ba ta cikin jarrabawa. Na ce jarrabawar da ta kayar da ke fa, me suka tambaye ki? Ta ce sun karɓe takardar ne suka ce ta faɗi abin da ta karanta.

Uwar tana zaune tana kallonmu. Ban san me ta fahimta ba a kwanakin farko, amma a mako na biyu, da ta ji na faɗi kalmar rufewa da Turanci, sai ta miƙa hannu ta rufe littafin da kanta, ta ɗora tafinta a kai kada a yi satar kallo. Muka yi dariya mu uku. Daga ranar kullum da ledar lemo take shigowa, irin ƙananan nan masu sauƙin ɓarewa. Ta ɓare, ta ba 'yarta rabi, ta miƙo mini rabi ta tsakanin kujeru. Ba mu taɓa yin magana ni da ita ba. Na dai gane Injiniya bai san abin da ake yi ba, don in yana motar littafin ba ya fitowa daga jaka.

A mako na biyar na ce ta ɗauko labarin mai burodi. Ta karanta shi daga farko har ƙarshe a hankali, ta rufe. Muna tsaye a wata danja da ba ta da niyyar sakinmu. Na jira ta fara, ba ta fara ba. Da na duba madubi sai na ga hawaye.

Ta ce, "Ba zai dawo ba. Ta sani. Shi ya sa."

Uwar ta ruɗe, tana tambayarta da yarensu tana harare na. Yarinyar ta ba ta labarin duka da Sinanci, ba tare da ta buɗe littafi ba. Sannan ta ce mini kakarta ma haka take yi, duk bikin sabuwar shekara sai ta ajiye kwano ɗaya da tsinkayen cin abinci a wurin zaman mamarta, ko da ta san ba za ta zo ba. Motocin baya suka yi ta danna mini oda, ban ma ga an ba mu hannu ba.

Ɗaki ɗaya muke a unguwar Nasim da wani dattijo mutumin Maraɗi, mai gadi ne a wani ɗakin ajiyar kaya, ya fi ni daɗewa a ƙasar da shekara goma sha wani abu. Wata Juma'a bayan mun dawo masallaci ya same ni ina duba rubutun yarinyar a kan tabarma, don na fara sa ta rubuta taƙaitaccen labarin da ta karanta.

Ya ce, "Malam, mi ya kai ka? Iƙamarka sawwaƙ ta ce. Wanga gari in an ce kai direba ne, to ko likita kake, ka riƙe sitiyarinka."

Na ce, "Baba, ba biyana ake ba. Taimako ne."

Ya ce, "Shi ne mugun. Wanda aka biya an san matsayinai. Kai ɗiyar mudiri, ubangidanka, kake gyara ma karatu bai sani ba. Ranar da ya sani ba godiya zai ji ba, kunya zai ji, kuma a kanka za ta sauka."

Na ce masa ya cika tsoro. Ya ce eh, tsoron ne ya sa har yanzu yake nan.

Jan biron da nake dubawa da shi daga gida na taho da shi, da 'yan uwansa guda biyar a cikin jaka, ban ma san dalili ba. Malami ba ya jin ya yi shiga in babu jan biro a aljihun gaba. Makonni na yi ina yi mata gyara da shi, ba wanda ya ce komai, don su ma malamansu da ja suke gyara. A makarantarmu kuwa ina da wata al'ada. Ɗalibin da ya yi abin a yaba, nakan rubuta cikakken sunansa a saman takardar da hannuna, da manyan baƙaƙe, in ja layi biyu a ƙasa. Yara sukan kai gida a nuna wa uba. Akwai wanda na haɗu da shi ya zama ɗan sanda, ya ce tasa tana nan cikin akwatin mahaifiyarsa.

Na ƙudura zan yi wa yarinyar nan haka. Sai na yi tunanin uwar, wadda ba ta iya karanta baƙi ɗaya na boko. Me za ta gani a ciki? Saboda haka na dubi yadda yarinyar take rubuta sunanta da rubutunsu a bangon littafi, zane uku masu rassa, na kwafa a bayan wata takardar mai. Kwana huɗu ina koyon zana su a zaman jiran da nake yi a Malaz. Na lalata takardu da yawa kafin su daina kama da tsintsiyar da ta warware.

Saura kwana tara jarrabawa ta rubuto mini shafi guda a kan wani labari mai wuya, na wani likitan ƙauye da ya ƙi komawa birni. Babu abin da ta bari. Har abin da marubucin ya ɓoye ta tono. Na zauna a mota na zana sunanta a sama, da ja, da rubutunsu, na ja layi biyu. Da suka sauko na juya na miƙa wa uwar da hannu biyu, yadda na ga suna miƙa abu mai daraja.

Ta karɓa tana murmushi. Sai murmushin ya ɗauke. Ta yi wata 'yar ƙara, ta saki takardar kamar ta taɓa tukunya mai zafi. Yarinyar ta ɗauka, ta duba, fuskarta ta canza, ta yi sauri za ta ninke ta cusa a jaka, uwar ta fizge. Suka yi ta magana da sauri, uwar tana nuna sunan tana nuna ni.

Na ce, "Lafiya? Na yi kuskure a zanen ne?"

Yarinyar ta ce, "A'a, Kawu, daidai ne. Launin ne. Mu ba a rubuta sunan mai rai da ja. Na matattu ake rubutawa haka, ko wanda aka yanke wa hukunci."

Na ji kamar in nutse cikin kujera. Na ba da haƙuri da duk Turancin da na sani, na ce ta gaya wa mamarta a wurinmu girmamawa ce, na ce a kawo in yaga, in ƙona, in sake da baƙi. Yarinyar ta fassara. Uwar ba ta dube ni ba. Ta rungume 'yarta, takardar a dunƙule a hannunta. Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba. Mace ce da ta yi shekara goma tana jiran 'yarta, saura kwana tara a yanke mata hukunci, sai ga sunan da ja. Ko ni aka yi wa abin da ya yi kama da haka a al'adarmu, sai gabana ya faɗi. Ranar ba a ɓare lemo ba.

Washegari da safe aka ce Injiniya yana nemana a ofis. Takardar tana kan teburinsa, an miƙar da ita, tare da wasu guda shida da na duba a baya. Bai ce in zauna ba. Ya fara da cewa shi bai yarda da camfin tsofaffi ba, matarsa ce 'yar ƙauye. Na ji sanyi, na ɗauka an wuce wurin. Ashe yanzu aka fara.

Ya ce, "Wa ya ce ka koyar da 'yata?"

Na ce ba kowa. Na gaya masa aikin da nake yi a gida, da shekarun da na yi ina yi. Na gaya masa abin da aka buga a saman takardun cibiyar.

Ya ce, "Direba na ɗauka. In ina son malami na san inda suke. Na kai ta wurin masu harshen. Kai Turancin Afirka kake yi, za ka ɓata mata kunne."

Nan jinina ya hau. Na ce ranka ya daɗe, ba kunne ne ya kayar da ita ba. Na ce ka kira ta yanzu, ka ba ta kowane shafi ka ga dama, ka karɓe, ka ce ta gaya maka abin da ke ciki. Ka yi mata haka wata uku da suka wuce ka ga ko za ta iya. Na ce masu harshen sun ba ta goma cikin goma a labarin da ba ta san an mutu a cikinsa ba. Ya dube ni kamar kujera ce ta yi magana. Bai musa ko ɗaya ba, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da ya ce ƙarya nake da na sami abin riƙewa. Sai kawai ya tattara takardun, ya ce in an kama direba yana aikin da ba shi ne a iƙamarsa ba, kamfani ne zai shiga matsala. Ya ce kalas, magana ta ƙare, in ba da mukullin motar gida, daga gobe bas ɗin leburori zan riƙa ja.

Na ce a bar ni kwana takwas ɗin da suka rage kawai, ko da wani ne zai tuƙa in zauna a gefe. Ya riga ya ɗauki waya.

Bas ɗin daga masaukin leburori yake tashi ya kai su wurin aiki a unguwar Shifa, ya dawo da su da yamma. Na yi ta ja, raina a jagule. Ba rashin motar mai sanyi ne ya dame ni ba. Akwai abu biyu da na bari sai makon ƙarshe, yadda za ta raba lokacinta, da abin da za ta yi in tsoro ya kama ta ta ji yatsanta yana son komawa farauta. Ban samu na gaya mata ba. Ranar jarrabawar na san ranar ce, na yi mata addu'a a sallar azahar, ita da ba addininmu ɗaya ba. Daga nan shiru. Wa zai tsaya ya gaya wa direban bas sakamakon 'yar mudiri? Mako ɗaya, biyu, uku. Duk jirgin da na ga ya tashi sai in ce ko tana ciki. Dattijon Maraɗi bai ce ai na gaya maka ba, ya dai riƙa zuba mini shayi ba tare da na roƙa ba.

A mako na huɗu aka toshe hanyarmu, aka karkatar da mu ta Malaz. Muna tafiyar kunkuru muka zo daidai shagon labule. Na ɗaga kai don sabo. Masu cibiyar sun rataya wani ƙaton kyalle daga tagar bene har kusan ƙofar shago, suna taya ɗalibansu da suka yi nasara murna, suna tuna wa jama'a cewa malamansu Turawa ne na asali. Sunaye biyar ne. Nata ne a sama, da boko, kuma don su jawo sauran Sinawa sun buga shi da rubutunsu, zane ukun nan da na yi kwana huɗu ina koyo. Kowane zane ya kai tsawon hannuna. Da ja. Ja wur, wanda ake hangowa daga ƙarshen titi.

Abin da na fara ji shi ne daɗi, ba zan ɓoye ba. Ta ci. Ba za ta hau jirgi ba. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har leburorin da ke kusa suka amsa ba su san dalili ba. Kafin mu wuce ginin kuma haushi ya turnuƙe ni, na riƙa dukan sitiyari. Nawa ɗan mitsitsi a saman takarda, da hannu biyu na miƙa, ya zama laifin da ya raba ni da aji. Nasu kuwa ga shi ya rufe rabin bene, yana kaɗawa a iska.

Bayan kwana biyu na haɗu da sabon direban gidan a wurin shan mai na kamfani, wani Basudane mai fara'a. Na tambaye shi ko Injiniya ya ga kyallen.

Ya yi dariya ya ce, "Ya gani? Ni na ɗauke shi hoto a ƙarƙashinsa. Ya tura wa duk danginsu."

Na ce, "Bai ce komai a kan launin ba?"

Ya ce, "Wane launi?" Ya ɗan yi tunani. "Madam dai ta ƙi fitowa daga mota. Yarinyar ma ta zauna tare da ita. Shi kaɗai ya tsaya."

Har ya juya sai ya dafe goshi, ya ce ya kusa mantawa, kwana uku ke nan abin yana bayan mota. Ya buɗe but ya ɗauko leda ya miƙo mini. Ya ce Madam ce ta ba shi, ta nuna kujerar direba, ta nuna baya da babban yatsa, shi dai ya gane tsohon direba take nufi.

Lemo ne, irin ƙananan nan, zafin but ya fara motsar da su. Na koma cikin bas na juye su a kan kujera. Na leƙa ledar, na juya ta ciki waje, na duba ko akwai 'yar takarda, ko layi ɗaya, ko daga uwar ko daga 'yar. Babu. Ni da na yi wata uku ina koya wa yarinya cewa ba komai ake rubutawa ba, sai ga ni zaune ina kakkaɓe leda.